Koyar da Zama Ɗan Ƙasa da Sanin Duniya a Makaranta: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya ka buɗe manhajar makarantun wata ƙasa ba ka ga an yi alkawarin fitar da ɗan ƙasa na gari ba. Inda ake rabuwa shi ne wane ne ɗan ƙasa na garin, kuma ta yaya za a raine shi a cikin aji. A shekarun baya-bayan nan an ƙara wa makaranta wani nauyin: ana so yaro ya tashi da sanin cewa akwai haƙƙin mutanen da bai taɓa gani ba a wuyansa. Ga wasu tambayoyin da iyaye da malamai kan yi a kan wannan batu.

Mene ne ilimin zama ɗan ƙasa, kuma me ya raba shi da ilimin sanin duniya?

Na farkon tsoho ne. Shi ne koya wa yaro yadda ake mulkin ƙasarsa: abin da kundin tsarin mulki ya ba shi, abin da doka ta ɗora masa, yadda ake zaɓe, aikin majalisa da na kotu, inda kuɗin haraji ke tafiya, da inda zai kai kuka idan an zalunce shi. Na biyun ya faɗaɗa da'irar ne. Yana nuna masa cewa annoba, sauyin yanayi, yaƙi da gudun hijira, ciniki da labaran ƙarya na intanet ba su san kan iyaka ba, don haka abin da ya faru a wata nahiya yana iya isowa ƙofar gidansu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, sai dai a nan ana son ka ɗebo ruwan ka kai masa shi ma.

Hukumar UNESCO, ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, ta kasa wannan ilimi gida uku: abin da yaro zai sani, abin da zai ji a zuciyarsa game da sauran mutane, da abin da zai aikata. A Hausa akwai tarko wajen sunan abin. Idan aka fassara shi kai tsaye sai a ce ana so yaro ya zama "ɗan duniya", wanda kowa ya san ba yabo ba ne. Abin da ake nufi shi ne ɗan ƙasar da ya san gidansu, ya kuma san cewa gidansu ba shi kaɗai ba ne a doron ƙasa.

Daga ina tunanin ya fito?

Daga tokar Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen da suka rubuta Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta 1948 sun gani da idonsu cewa ƙasa mai makarantu masu kyau da jami'o'i na ji da gani tana iya aikata kisan ƙare-dangi. Shi ya sa sashe na 26 bai tsaya ga cewa kowa na da haƙƙin ilimi ba, ya ƙara da cewa ilimin ya zama mai haifar da fahimtar juna, haƙuri da abota tsakanin al'ummomi da mabiya addinai. A 1974 UNESCO ta fitar da shawarwari ga ƙasashe kan ilimin zaman lafiya da fahimtar juna, aka sabunta su a Nuwamban 2023. A 1996 kwamitin UNESCO da Jacques Delors ya jagoranta ya ce ilimi na tsaye ne a kan ginshiƙai huɗu, ɗaya daga ciki shi ne koyon zama tare. A 2012 Ban Ki-moon, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya sa batun cikin manyan manufofi uku na shirinsa na ilimi. Daga nan ya shiga Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na 2015, a ƙarƙashin lamba 4.7, inda ƙasashe suka amince cewa kafin 2030 kowane ɗalibi zai samu wannan ilimi.

Ta yaya ƙasashe ke saka shi a manhaja?

Wasu sun ware masa darasi mai zaman kansa. Ingila ta yi haka bayan rahoton kwamitin Bernard Crick na 1998, darasin ya zama dole a makarantun sakandare daga 2002. Faransa ta shigo da sabon darasin tarbiyya da zama ɗan ƙasa a 2015, tun daga firamare har ƙarshen sakandare. Wasu sun cusa shi cikin tarihi, labarin ƙasa ko nazarin zamantakewa. Wasu kuma sun ce aikin kowane malami ne, a kowane darasi.

Wannan ta ƙarshe ita ta fi daɗin ji a takarda, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa, domin aikin kowa da kowa yakan ƙare ba na kowa ba. Darasi mai zaman kansa shi ma yana da tasa cutar: akan jefa shi can ƙarshen jadawali, lokacin da yara sun gaji, a miƙa wa malamin da aka ga yana da sauran sarari, ko ya karanci fannin ko bai karanta ba.

Wannan ba hanya ba ce kawai ta cusa wa yara ra'ayin gwamnati mai ci?

Tana iya zama haka, kuma ta sha zama. Wanda ya yi wannan tambaya bai yi kuskure ba. A 2012 dubban iyaye da ɗalibai da malamai sun fito kan titunan Hong Kong suna adawa da wani sabon darasin kishin ƙasa da suka ce wanke ƙwaƙwalwa ne, har gwamnati ta janye shi a lokacin. Duk inda aka ce ma'anar ɗan ƙasa na gari ita ce wanda ke yabon shugabanni ba ya tambaya, to ana renon mabiya ne da sunan 'yan ƙasa.

Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga Jamus. A 1976 masana koyar da siyasa, waɗanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna, suka haɗu a wani ƙaramin gari mai suna Beutelsbach. Abin da aka tattaro daga zamansu ƙa'idoji uku ne da har yau malaman ƙasar ke aiki da su. Ta farko, haramun ne malami ya yi amfani da matsayinsa ya danne ɗalibi da ra'ayinsa har ya hana shi yanke nasa hukuncin. Ta biyu, duk abin da ake gardama a kansa a cikin al'umma da tsakanin masana, to a aji ma a gabatar da shi a matsayin abin gardama, kada a ɓoye ɓangare ɗaya. Ta uku, a ba ɗalibi ƙwarewar da zai duba wani lamari ya gane inda maslaharsa take, ya kuma san hanyar da zai bi ya yi tasiri.

A lura, ƙa'ida ta biyu ba ta ce komai abin gardama ba ne. Ko kisan ƙare-dangi ya faru, ko mutum ya fi mutum daraja saboda launin fatarsa, waɗannan ba a kawo su a ce kowa ya zaɓi nasa. Amma yawan harajin da ya dace, ko yadda za a karɓi baƙi 'yan ci-rani, ko hukuncin da ya kamaci wani laifi, a nan malami alƙalin wasa ne, bai kamata ya sa rigar kowace ƙungiya ba.

To ba zai raba yaro da addininsa da al'adarsa da ƙasarsa ba?

Wannan tsoro ba na wata nahiya ɗaya ba ne. A 2016 Theresa May, tana Firaministar Birtaniya, ta ce wanda ya ɗauki kansa ɗan ƙasar duniya, to ba ɗan ko'ina ba ne. Gaskiya ne babu fasfo na duniya, babu kuma gwamnatin duniya da za ka zaɓa ko ka tsige. Haƙƙinka a hannun ƙasarka kake nemansa.

Sai dai a duba abin da aka rubuta. Sashe na 29 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya lissafa abin da ilimi zai koya wa yaro ya girmama, a ciki akwai iyayensa, da al'adarsa, da harshensa, da ɗabi'un ƙasarsa, sannan ya ambaci wayewar wasu da ta bambanta da tasa. Sashe na 26 na sanarwar 1948 kuma ya ce iyaye su ne kan gaba wajen zaɓar irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Yaron da ya san asalinsa ba ya firgita don ya ji na wani. Wanda ba shi da saiwa shi ne iska ke ɗauka.

Akwai dai wani ƙorafi mai nauyi da ban ga an gama amsa shi ba. Da yawa daga littattafan wannan fanni a ƙasashe masu arziki aka rubuta su, kuma suna nuna ƙasashe matalauta a matsayin abin tausayi kurum: hoton yaro mai yunwa, sai a tara sadaka, shi ke nan an gama darasi. Ba a tambayar yadda mulkin mallaka, bashi da dokokin ciniki suka kawo wannan hali. Ɗalibin can ya tashi yana ganin kansa mai ceto, na nan ya tashi yana ganin kansa mai jiran ceto. Irin wannan darasi gara babu shi.

Yaya darasin yake idan an yi shi yadda ya kamata?

Ɗauki malama ta shigo aji ta ajiye wayar salula a kan tebur, ta ce wa yara su gano mata ƙasashe nawa ne a cikinta. Su bincika su tarar cewa fiye da rabin ma'adinin kobalt da ake haƙowa a duniya, wanda ake batir da shi, daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, cewa a wata nahiya ake haɗa wayar, a wata kuma ribar ta fi taruwa. Sai ta tambaya: wa ya fi shan wahala, wa ya fi samu? Wata yarinya ta ce a daina saye. Wani yaro ya ce idan an daina, mai haƙar me zai ci? Malamar ba ta raba gardamar da kanta ba, ta ce kowa ya kawo hujja gobe. A cikin minti 40 an taɓo labarin ƙasa, tattalin arziki, haƙƙin ma'aikaci, da yadda ake saɓa wa mutum ba tare da an zage shi ba.

Abin bai tsaya a cikin darasi ba. Ka duba yadda ake naɗa monita. A wani ajin malami kan nuna yaron da ya fi so ya miƙa masa takardar rubuta sunayen masu surutu. A wani kuma 'yan takara su tashi su faɗi abin da za su yi, a jefa ƙuri'a a cikin kwali, a ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya je ya ba wanda ya ci hannu. Ajin farko yana iya haddace ma'anar dimokuraɗiyya tsaf, amma abin da ya koya da idonsa shi ne cewa muƙami na wanda ke kusa da mai iko ne. Sashe na 12 na yarjejeniyar 1989 ya ce yaro na da haƙƙin a ji ta bakinsa a abin da ya shafe shi. Makarantar da ke rubuta wannan a allo, sannan ta yi wa yaro bulala don ya ce "malam, ban yarda ba", ta goge darasinta da hannunta.

Ana iya auna shi da jarrabawa?

Sani ana iya aunawa, hali kuwa da wuya. Ƙungiyar IEA, mai auna ƙwazon ɗalibai a ƙasashe daban-daban, ta gudanar da babban bincike kan ilimin zama ɗan ƙasa a 2009, 2016 da 2022, a kan ɗalibai masu kimanin shekara 14, yawancinsu a ƙasashen Turai. Abin da ya yi ta maimaita kansa shi ne, ɗaliban da suka ce a ajinsu ana barinsu su faɗi ra'ayinsu, har su saɓa wa malami, sun fi sauran sanin fannin. Gwajin PISA na 2018, wanda ke kwatanta ɗalibai 'yan shekara 15 na ƙasashe daban-daban, ya yi ƙoƙarin auna sanin duniya, amma ƙasashe da yankuna 27 ne kacal suka zauna wannan ɓangare, Amurka da Ingila da Jamus da Faransa duk suka ƙi. Shi kuwa ma'aunin lamba 4.7 ya dogara ne da abin da gwamnatoci suka faɗa game da kansu, kuma babu mai cewa miyarsa ba daɗi.

A ƙasashen da yara ba su iya karatu ba ma, wannan ba ɗaukar dala ba gammo ba ne?

Kiyasin Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Karatu shi ne farko, babu musu. Amma yaron da zai koyi karatu dole ya karanta wani abu, kuma zaɓen monita ba ya cin ko sisi. Wannan yaro zai kai shekarun jefa ƙuri'a ko an shirya shi ko ba a shirya shi ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina aikin yake maƙalewa?

A wurin malami. Rubuta manhaja aikin 'yan watanni ne a ofis, amma riƙe aji mai yara da yawa suna gardama kan addini ko ƙabila ko siyasa ba tare da wuta ta tashi ba, sana'a ce da ake koyo, kuma kwalejojin horar da malamai ba su cika koyar da ita ba. Malamin da ba a horar ba, ba shi kuma da tabbacin shugaban makaranta zai tsaya masa idan wani uba ya zo da fushi, zai koma inda ya fi aminci: ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Ba laifinsa ba ne. Ga kuma ƙarancin malaman kansu, domin UNESCO ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 na firamare da sakandare kafin 2030.

Don haka idan wata ma'aikatar ilimi ta sanar da sabon darasin zama ɗan ƙasa, abin da ya kamata a fara tambayarta shi ne malamai nawa ta horar, awa nawa ta ware a mako, da wace takarda ce za ta kare malamin da ya bar ɗalibansa suka yi gardama a kan aikin gwamnatin da ke biyansa albashi.