Waiwaye: yadda aka gano sarkoyidosis na kama ido da jijiyoyi

A Yamai, idan mutum ya wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, iska za a fara zargi. Idan ido ne ya yi ja, sai a ce apolo ce. Akwai cutar da kan haɗa waɗannan alamomin biyu, sunanta sarkoyidosis, kuma su kansu likitocin Turai sun daɗe suna yi mata gurguwar fahimta.

Da fari ciwon fata aka ɗauke ta. Jonathan Hutchinson ya bayyana ta a Landan a 1877, Caesar Boeck ɗan Norwe ya raɗa mata suna a 1899. A 1909 ne wani likitan ido ɗan Danmak, Christian Heerfordt, ya lura da marasa lafiya masu kumburin cikin ido, zazzaɓi, kumburi a gindin kunne da shanyewar ɓarin fuska. Shi ma hangum ya zata. Sai a 1937 Jan Waldenström na Suwidin ya nuna cewa duk sarkoyidosis ce.

A wannan cuta, ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke taruwa su yi ƙananan dunƙule. Huhu suka fi kamawa, wajen mutum 9 cikin 10. A ido sukan jawo ja, ƙin haske da hazo-hazo, wani lokaci ma ba zafi ko kaɗan har yanar ido ko hawan jinin ido su shigo. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa kuwa sukan kamu a kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu cutar, jijiyar fuska a kan gaba. In dunƙulen ya taɓa gindin ƙwaƙwalwa, sai ƙishirwa da yawan fitsari, alhali sukarin jini lafiya lau.

A nan Nijar abin ya fi wuya, don a hoton radiyo cutar kan yi shigar burtu da tarin fuka, wanda shi muka saba gani. Ban ga laifin likitan da ya fara zargin tarin fuka ba. Amma idan an sha maganin wata 6, gwajin majina bai nuna ƙwayar cuta ba, ga ido na ƙara dusashewa, ya kamata a sake lale. Kortizon, maganin rage kumburi da aka fara ba masu cutar a farkon shekarun 1950, shi ne babban magani har yau, kuma shi ɗin ne ke ruruta tarin fuka idan an ba wanda ke ɗauke da shi. Shi ya sa ake ɗibar ɗan nama a duba kafin a rubuta shi.