Seán

Seán suna ne na maza a harshen Irish, wato harshen asali na mutanen Ayalan, kuma ana furta shi kamar "Shon" tare da jan wasalin. Tushensa sunan Ibrananci ne, Yohanan, wanda ke nufin "Allah ya yi alheri", kuma daga wannan tushe ne aka samu John na Turanci, da Jean na Faransanci, da Yohanna da Kiristocin ƙasar Hausa ke raɗa wa 'ya'yansu.

Sunan ya shiga Ayalan ne ta bakin Normawa, mutanen da asalinsu daga yankin Normandy na arewacin Faransa yake, waɗanda suka fara kutsa kai cikin tsibirin a shekarar 1169 suna magana da wani karin Faransanci, kuma a bakinsu sunan Jehan ne. Da yake harshen Irish ba shi da sautin "j", sai mutanen ƙasar suka maye gurbinsa da "sh", wanda a ƙa'idar rubutunsu harafin s ne idan e ko i ta biyo baya. Kafin zuwan Normawa akwai wani nau'in sunan, wato Eoin, wanda aka aro tun da farko daga Latin ta hanyar coci, kuma har yau shi ake kiran waliyyai da shi.

Ƙaramar alamar da ke kan harafin a, wadda suke kira fada, tana da muhimmanci ƙwarai, domin idan aka cire ta kalmar ta koma sean, ma'ana tsoho. Abin takaici ne cewa yawancin rubuce-rubucen ƙasashen waje suna yar da ita. A lardin Ulster da ke arewacin Ayalan lafazin ya karkata zuwa "Shen", abin da ya haifar da Shane, kamar a sunan wani basaraken lardin, Shane O'Neill, da aka kashe a 1567.

Bayan kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge a 1893 domin farfaɗo da harshen, 'yan kishin ƙasa da dama da aka raɗa musu John sun koma amsa Seán. Cikinsu akwai Seán Lemass, firaministan ƙasar daga 1959 zuwa 1966. Seán MacBride kuwa, wani ɗan siyasar ƙasar, ya samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1974. Takwarorin sunan na mata su ne Siobhán da Sinéad.