Me ake nufi da "tasirin bincike"?

Duk mai ɗan'uwa da ke koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko ta Birnin Kebbi, ko ta jiha da ke Aliero, ya san lokacin haɗa takardun ƙarin girma. Malami zai kwaso duk abin da ya taɓa wallafawa, a buga kwafi-kwafi a ɗaure, idan kuwa kujerar farfesa yake nema a tura wa wasu farfesoshi na wajen jami'ar su auna. A nan ake yawan jin "tasirin bincike", kuma ba kowane mai faɗa ke nufin abin da ɗan'uwansa yake nufi ba.

Ma'ana ta farko, wadda jami'o'i suka fi riƙewa, ita ce yadda sauran masana suka yi amfani da aikinka. Idan wata malama a Ibadan ko Landan ta kafa hujja da maƙalarka, ta sa sunanka cikin madogararta, ka samu ambato ɗaya. Shafuka irin su Google Scholar da Scopus ne ke tattara wannan ƙidaya. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks na Jami'ar Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ake kira da harafin h. Lissafinsa ba wuya: idan kana da maƙaloli 10 da kowace aka ambata aƙalla sau 10, ma'auninka 10 ne. Wanda ya rubuta 60 amma 4 kacal ne suka kai ambato 4, ma'auninsa 4, komai kaurin ɗaurin da ya kai ofishin shugaban tsangaya. Wanda kuma ya yi aiki ɗaya tilo da aka ambata sau 1,000, ma'auninsa 1.

Ƙidayar tana da amfaninta, don tana tona asirin mujallun nan na biya-a-buga da ba mai karanta su sai marubutan. Amma ba ta san dalilin ambato ba. Wanda aka ambata don a ƙaryata shi da wanda aka ambata don a yaba masa, maki ɗaya suke samu. Akwai kuma adashen ambato tsakanin abokai, ka sa ni yau in sa ka gobe. Sannan fannoni ba ɗaya ba ne. Masu binciken magunguna kan haɗu su da yawa a gajeruwar maƙala, a ambace ta cikin watanni; masanin siyasa kan kwashe shekaru a kan littafi guda, wanda Scopus ma ba lallai ta ƙirga shi ba. Malamin da ya yi awa guda a rediyo da Hausa yana warware wa manoman Maradun dokar mallakar ƙasa, wannan awar ba ta ƙara masa ko ɗigo.

Ma'ana ta biyu ita ce abin da binciken ya sauya a wajen jami'a: doka, tsarin aiki, ko yadda jama'a ke fahimtar halin da suke ciki. A Ingila, tun tantancewar jami'o'i ta 2014 aka ware wa wannan kashi 20 cikin 100 na maki, aka ɗaga zuwa 25 a ta 2021, kuma dole jami'a ta kawo shaidar cewa binciken kaza ne ya haifar da sauyin kaza. Wannan shaidar ita ce wahalar, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba.

Farfesa Attahiru Muhammadu Jega, wanda aka haifa a 1957, ɗan garin Jega ne a Jihar Kebbi. Kimiyyar siyasa ya karanta a Kano, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Northwestern ta Amurka, ya dawo Jami'ar Bayero. Ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, daga 1988 zuwa 1994, zamanin da yin haka ke nufin gaba da gaba da soja. Ya riƙe cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Gidan Mambayya, kuma yana shugaban jami'ar ne Shugaba Jonathan ya naɗa shi shugaban hukumar zaɓe, INEC, a 2010, inda ya zauna har 2015.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kundin digirinsa na 1985 a kan aikin noman rani na Bakolori ya yi shi, kusa da Talata Mafara, lokacin ana Jihar Sakkwato. An kammala madatsar a 1978. Ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka, maganar diyya ta yi tsami, manoma suka tare hanyoyin aikin, a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Mai son sanin yadda aikin da aka ce na raya karkara ne ya ƙare da harbin mutanen karkarar, irin wannan kundi yake nema. Ta ma'ana ta farko aikin ya yi tasiri, tunda masu rubutu kan madatsun ruwa a Najeriya suna komawa gare shi. Ta ma'ana ta biyu kuwa, da wuya wani ya ɗaga doka ɗaya ta diyyar gona ya ce daga nan ta fito.

A nan ne nake ganin masu jawabin yabo suke cakuɗa abubuwa. Gine-ginen da ke ɗauke da tambarin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a Gusau da Birnin Kebbi, asalinsu yarjejeniyar ASUU da gwamnati ce ta 1992, wadda ta haifar da harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a 1993. Jega ne shugaban ƙungiyar a lokacin, amma yajin aiki da zaman sulhu suka kawo wannan, ba maƙala ba. Haka katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi a 2015, da ɗora wa shugabannin jami'o'i aikin tattara sakamako: aikin mai riƙe da hukuma ne. Ilimin mutum yana bin sa duk kujerar da ya hau, ba musu. Sai dai tasirin mutum daban, tasirin bincikensa daban, kuma mai tantancewa da ya san aikinsa ba zai karɓi na farko a madadin na biyu ba.

Inda biyun suka fi kusantar juna shi ne kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 bayan zaɓen da shi da kansa ya yarda yana da naƙasu. Jega na cikinsa. Kwamitin ya zagaya ƙasa, ya karɓi bayanai, ya miƙa rahoto a Disambar 2008. Cikin shawarwarinsa har da cire naɗin shugaban INEC daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a bar Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta tallata kujerar ta tace masu nema, da kuma kafa hukuma ta musamman mai gurfanar da masu laifin zaɓe. Gwamnati ta ƙi ta farkon, shi ya sa Jega ma ta tsohuwar hanyar ya shigo. Ta biyun kuma har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa ta ba, ko da yake kusan duk mai magana kan gyaran zaɓe a majalisa ko a jarida sai ya ambaci rahoton.