Silo a Kafireton Tsohuwar Akori-kura

Silo shi ne jujjuyawar da inji ke yi mota na tsaye, direba bai taka totur ba. A injin fetur na tsofaffin akori-kura, irin Peugeot 404 da 504 da aka riƙa haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, silo mai lafiya yakan kama tsakanin juyi 700 zuwa 900 a minti. An daɗe ana amfani da irin waɗannan motoci wajen jigilar buhunan hatsi tsakanin Gusau, Ƙauran Namoda da Talatar Mafara.

Idan totur na rufe, fetur ba ya bi ta babban jet, wato ramin da ke auna fetur a cikin kafireto. Yakan bi wata siririyar hanya mai ƙaramin jet, ya fito ƙarƙashin faifan totur. Sukuru biyu ke kula da ita: sukurun gudu na ɗan buɗe faifan, sukurun daidaitawa kuma na daidaita fetur da iska. Wasu kafiretocin, kamar na Toyota Hilux, suna da solanoyid, wata 'yar na'urar lantarki da ke toshe hanyar da zarar an kashe ki.

Abin takaici, da mota ta fara mutuwa a tsaye sai a ɗaure sukurun gudu. Wannan rufe ciwo ne. Faifan ya buɗe fiye da kima, sukurun daidaitawa ya daina jin magana, mai ya riƙa tafiya, wani lokaci ma a zare ki inji na ci gaba da kakkarwa.

Ƙwararren bakanike yakan bari inji ya yi zafi, ya tabbatar cok (faifan da ke rage iska lokacin sanyi) ya buɗe, filogi da tayimin (lokacin ba da wuta) suna daidai. Sannan ya kunna ki ba tare da tayar da mota ba, ya cire wayar solanoyid ya mayar. In ya ji 'yar ƙara "ƙas", yana aiki. In shiru, ko dai wutar batir mai bolt 12 ba ta isowa, ko solanoyid ɗin ya mutu.

Daga nan sai neman iskar sata, wato iskar da ke shiga inji ta wata ɓaraka. Tiyon roba da zafin rani ya busar yakan tsage a baki, gasket ɗin gindin kafireto kuma ya saki. Ana fesa ruwan wanke kafireto a wurin, nesa da wuta da tartsatsi. Idan sautin inji ya canja, nan ne ɓarakar.

Ƙaramin jet kuwa ƙurar hunturu da dattin fetur ɗin bumburutu ke toshe shi. Alamarsa, mota ta ƙi silo sai an ja cok. A kwance shi, a ɗaga wa rana a leƙa ramin, a hura masa iska. Kada a zura masa waya, domin faɗaɗa ramin take yi. Bayan an mayar, ana ɗaure sukurun daidaitawa a hankali har ya zauna, a kwance shi kamar juyi 2, a riƙa gyarawa har sautin inji ya daidaita.