Shin Cutar MS Gado Ce?

An daɗe ana cewa duk wanda mahaifinsa ke da cutar MS (multiple sclerosis), mai lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, shi ma sai ta kama shi. Ba haka abin yake ba.

Jiki kan kashe ƙwayoyin garkuwar da ke neman kai wa kansa hari. A MS wasu na tsira, su far wa rufin jijiya. Bambance-bambancen ƙwayoyin gado sama da 200 na ƙara haɗarin, amma ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya na da cutar, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke bin ɗan'uwansa wajen kamuwa da ita. Shan taba da ƙarancin bitamin D ma na taka rawa.

Hoton MRI (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) da gwajin ruwan laka ke taimaka wa likita tabbatarwa, gwajin gado ba ya yi. Don Allah a yaɗa wannan bayani.