Kanun na Albaniya ba lasisin ramuwar gayya ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa Kanun, tsohuwar dokar gargajiyar tsaunukan arewacin Albaniya da Kosobo, ta ba kowa damar kashe duk wanda ya ga dama daga dangin abokin gaba. Har wasu na cewa da ita ya kamata a hukunta masu laifin yaƙin Kosobo na 1998 zuwa 1999. Abin ba haka yake ba.

Kundin da limamin Katolika Shtjefën Gjeçovi ya tattara, aka buga a 1933, yawancinsa kan aure ne da gado da iyakar gona da haƙƙin baƙo. Ko a babin jini ma, shinge ya kafa: ba a taɓa mace, ba a taɓa yaro, ba a kashe mutum cikin gidansa. Akwai kuma besa, alkawarin tsagaita wuta da dattawa kan nema, a samu sararin sulhu. Da wannan al'adar Anton Çetta, wani masanin al'adun gargajiya, ya jagoranci sasanta ɗaruruwan iyalai a Kosobo a 1990.

Amma fa Kanun tana ɗora jini a kan mazan gida gaba ɗaya, nan ne ta raba gari da kotun zamani. Kotun musamman ta Kosobo da ke Hague mutum ɗaya take tuhuma kan abin da shi ya aikata ko ya ba da umarni, da shaidu da lauya. Haka ta ɗaure Salih Mustafa, tsohon kwamandan mayaƙan 'yantar da Kosobo, a 2022. A Albaniya kuwa, kisan ramuwar jini babban laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin rai da rai.