Tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi

Tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi reshe ne na aikin likita da ke magance cututtuka da raunukan ƙwaƙwalwa, da laka, da jijiyoyin da suka ratsa jiki, ta hanyar fiɗa. A bakin mutane ana cewa "likitan ƙwaƙwalwa" kawai, amma sunan ya haɗa mutum uku da aikinsu ya sha bamban. Akwai likitan taɓin hankali, akwai mai duba masu farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki da magani kaɗai, sannan akwai mai shiga ɗakin tiyata ya buɗe ƙoƙon kai ko gadon baya. Aikin na ukun ne wannan maƙala ta duba. A ƙasashe da yawa, aikin ƙashin baya ya fi na cikin kai yawa a hannun waɗannan likitoci.

Sassan da ake yi wa aiki

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa da yawa, har da hanyar jini da agara. A nan, idan an ce jijiya ana nufin wadda ke kai saƙon ji da motsi, hanyar jini kuwa za a kira ta jijiyar jini. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kai kilo ɗaya da rabi ba, tantani uku ne suka lulluɓe ta, kuma tana cikin wani ruwa garai-garai wanda ke zagaya ta har zuwa laka. Ruwan bai wuce mililita 150 a lokaci guda ba, amma jiki na samar da kusan mililita 500 a kullum, yana kuma tsotse shi. Jijiyoyi tagwaye 12 ne ke fita daga ƙwaƙwalwa, tagwaye 31 kuma daga laka.

Abin da ya sa wannan fanni yake da gaggawa shi ne ƙoƙon kan baligi rufaffen akwati ne, ba ya buɗewa. Idan jini ko ruwa ko ƙari ya nemi wuri a ciki, ƙwaƙwalwa ce ke matsuwa, kuma idan matsin ya kai ga sashen da ke riƙe da numfashi, rai na iya fita cikin sa'o'i.

Tarihi

Huda ƙoƙon kai na daga cikin tsofaffin ayyukan fiɗa da aka sani. An tono kawuna masu huda a Faransa da wasu sassan Turai waɗanda ake kyautata zaton sun shekara dubu bakwai ko fiye, an kuma sami masu irin wannan huda a Peru. A da yawa daga cikinsu bakin hudar ya yi sumul, ƙashi ya fara tofowa, alamar mutumin ya rayu bayan aikin. Masana sun yi saɓani a kan dalili: wasu na ganin maganin rotsi ne, wasu na ganin tsafi ne. A 1865 wani Ba'amurke mai suna Ephraim George Squier ya samo wani kai mai huda mai kusurwa huɗu a birnin Kusko na Peru, kuma likitan Faransa Paul Broca da ya duba shi ya tabbatar da cewa an yi hudar ne mai kan yana raye. Mutanen Kisii na Kenya sun ci gaba da wannan aiki har cikin ƙarni na 20.

Rubutu mafi tsufa a kan raunin kai daga Masar ya fito, a takardar da ake kira da sunan Edwin Smith, mutumin da ya saye ta a Luksor a 1862. An rubuta ta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ana jin kwafi ce ta wani rubutu da ya girme ta. Tana ɗauke da bayanin majiyyata 48, daga kai ana gangarowa ƙasa. Marubucin ya siffanta abin da yatsa ke ji a cikin fasasshen kai, wani abu mai bugawa kamar maɗigar jariri kafin ta rufe. Ya kuma lura cewa wanda ƙashin wuyansa ya goce ba ya jin hannuwansa da ƙafafunsa, fitsari na zubo masa bai sani ba. Hukunci uku yake yankewa: ciwon da zan magance, ciwon da zan fafata da shi, da ciwon da ba a taɓawa. Raunin wuyan nan a kashi na uku ya sa shi.

A Andalus, Abul Ƙasim az-Zahrawi, wanda aka haifa wajen 936 kusa da Ƙurɗuba ya kuma rasu wajen 1013, ya keɓe kashi na talatin na littafinsa At-Tasrif ga tiyata, da zanen kayan aiki kusan 200. Ya yi bayanin gyaran karayar ƙoƙon kai da fitar da ruwa daga kan jarirai, amma ya faɗi gaskiya cewa yaran da ya gani da wannan ciwo mutuwa suke yi da wuri, don haka ya fi son kada ya taɓa su. An mayar da littafin zuwa Latin a ƙarni na 12, kuma Turai ta daɗe tana karantar da shi.

Duk da haka, har tsakiyar ƙarni na 19 da wuya likita ya wuce tantanin da ke ƙarƙashin ƙashi. Zafi ya hana, ruɓewar rauni ta hana, sannan ba a san inda za a huda ba idan ciwon ba a waje yake ba. A cikin shekara ashirin da 'yan kai aka sami mafita. An nuna maganin sa barci mai suna ether a Boston a 1846. Joseph Lister ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a rauni a 1867. A 1861 kuma Broca ya duba ƙwaƙwalwar wani majiyyaci da ya shekara kusan ashirin ba ya iya furta komai sai "tan", ya tarar da lalacewa a gaban ɓarin hagu. Daga nan aka fara gane cewa kowane sashe da aikinsa, kuma alamar da ta bayyana a hannu ko a harshe na iya nuna inda ciwo yake a kai.

William Macewen ya cire ƙari daga kan wata yarinya a Gilasgo a 1879, ta kuma warke. A 1884 a Landan, Rickman Godlee, ɗan 'yar'uwar Lister, ya cire ƙari daga cikin naman ƙwaƙwalwar wani saurayi, ba tare da wani hoto ba, da alamomin ciwon kaɗai aka gano wurin. An sami ƙarin daidai inda aka zata, amma raunin ya ruɓe, saurayin ya rasu bayan kimanin mako huɗu. Victor Horsley ya cire ƙari daga laka a 1887, majiyyacin da ƙafafunsa suka shanye ya tashi ya yi tafiya.

Wanda ya mayar da aikin sana'a mai zaman kanta shi ne Harvey Cushing (1869–1939), a asibitin Johns Hopkins da farko, daga baya a Boston. Babban abokin gabarsa jini ne, domin ƙwaƙwalwa ba ta ɗaurewa da zare yadda sauran nama ke yi. Ya ƙirƙiro 'yan ƙananan matsai na azurfa don toshe jijiyoyin jini, a 1926 kuma ya fara amfani da na'urar lantarki ta William Bovie mai ƙona bakin jijiya. Mutum ne mai aiki a hankali, yakan shafe sa'o'i a kan kai ɗaya, kuma yana rubuta sakamakon kowane majiyyaci, har da waɗanda suka mutu a hannunsa. Ya zuwa 1931 ya yi wa ƙari 2,000 aiki, mace-macen da ke biyo bayan aikinsa kuma sun sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. Ɗalibinsa Walter Dandy, wanda suka daɗe ba sa ga maciji da juna, ya fito da dabarar ɗura iska a kogunan ƙwaƙwalwa don su fito a hoto a 1918. Gwajin na da azaba ƙwarai, amma an yi fiye da shekara hamsin ana dogaro da shi. Dandy ne kuma ya fara matse kumburin jijiyar jini da matsi na ƙarfe a 1937.

Egas Moniz na Fotugal ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a 1927. Kyautar Nobel da aka ba shi a 1949 ta wani aiki ce daban, wato yanke hanyoyin gaban ƙwaƙwalwa ga masu taɓin hankali. An yi wa dubban mutane wannan aiki, da yawa sun nakasa, an kuma watsar da shi bayan fitowar magunguna a shekarun 1950. Har yanzu ana jayayya a kan kyautar.

Wilder Penfield a Montiriyal ta Kanada yakan yi wa masu farfaɗiya aiki suna farke, tunda naman ƙwaƙwalwa ba ya jin zafi, yana taɓa wuri da ɗan lantarki yana tambayar majiyyaci abin da ya ji. Lars Leksell na Suwidin ya ƙera Gamma Knife a 1968, na'urar da ke tara haske mai ƙarfi a kan ɗigo ɗaya ba tare da yanka ba. Gazi Yaşargil, Baturke mai aiki a Zurik, ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin jijiyoyin jini daga 1967. Hoton CT, mai nuna cikin kai ba tare da yanka ba, na farko da aka ɗauki majiyyaci da shi an yi shi ne a Landan a 1971 da na'urar Godfrey Hounsfield, hoton MRI kuma ya bazu a shekarun 1980.

Cututtukan da ake yi wa aiki

Raunin kai ne ya fi kawo mutane da gaggawa, galibi daga haɗarin mota da babur, da faɗuwa, da duka. Ana auna zurfin suma da ma'aunin Gilasgo na 1974, daga maki 3 zuwa 15, ta duban buɗe ido da magana da motsi. Akwai wani nau'i mai yaudara: an bugi mutum a gefen kai sama da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri, ya ɗan suma ya farfaɗo, ya yi magana har ya ce a kai shi gida. A lokacin jijiyar jinin da ke ƙarƙashin ƙashin ta tsage, jini na taruwa. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai da amai, sai barci mai nauyi, sai baƙin ido ɗaya ya buɗe. Idan an buɗe kai an kwashe gudan jinin da wuri, mutum kan warke sarai. A tsofaffi kuwa jini kan taru sannu a hankali makonni bayan ɗan bugun da an ma manta da shi, sai a ga ruɗewa da jan ƙafa a ce tsufa ne, alhali ƙaramar huda ɗaya ko biyu na iya isa.

Taruwar ruwa a kai ta fi kama jarirai, ko dai an haife su da toshewar hanya ko kuma sanƙarau da makamantansa sun toshe ta. Kai na girma fiye da kima, maɗiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa. Maganin da aka fi sani shi ne siririn bututu da ake bi da shi ta ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki. Bawul ɗin, wato 'yar ƙofar da ke daidaita gudun ruwan, da ya sa bututun ya yi aiki sosai wani maƙerin injuna ne ya gyara shi, John Holter na Amurka, wanda ɗansa da aka haifa a 1955 ya kamu da wannan ciwo tun yana jariri. Ya koma ɗakin aikinsa na gida ya ƙera shi da roba ta silikon. Yaron ya rasu yana ɗan shekara biyar, amma bawul ɗin ya shiga kawunan yara masu ɗimbin yawa. Bututun kan toshe ko ya kamu da cuta, shi ya sa Benjamin Warf, a asibitin yara na CURE da ke Mbale a Yuganda, ya bunƙasa hanyar huda wa ruwan sabuwar ƙofa daga ciki, a kuma ƙona sashen da ke samar da shi, don yaron ƙauye kada ya dogara da bututu.

Buɗaɗɗen gadon baya da ake haihuwar jariri da shi yana faruwa ne a kwana 28 na farkon ciki, kuma shan ƙwayar folik asid tun kafin a ɗauki ciki na rage shi ƙwarai. Ana rufe wurin a kwanakin farko bayan haihuwa.

Ƙarin ƙwaƙwalwa iri-iri ne. Wanda ke fitowa daga tantani yawanci ba kansa ba ne, kuma cire shi na iya zama warkewa. Mafi muni shi ne giliyobilastoma, wanda ko an haɗa tiyata da gashin haske da magani, rabin masu shi ba sa wuce wata 15 ko makamancin haka. A ƙashin baya ana aiki a kan gocewar faifan guringuntsi, da karaya, da tarin fuka mai cinye ƙashi har ya fitar da doro. Yawancin ciwon baya ba ya buƙatar wuƙa. Ana kuma yin tiyata ga farfaɗiyar da ta gagari magani, ana dasa siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwa don rage karkarwar cutar Parkinson, hanyar da aka fara a Faransa a 1987.

A Najeriya da Nijar

E. Latunde Odeku, wanda ya yi horo a Jami'ar Mishigan, shi ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962. Ya rasu a 1974. A arewa, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana da cibiyar wannan fanni, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi jagorancin kafuwarta, kuma ana yin aikin a Kano da Zariya da Abuja, haka ma a babban asibitin ƙasa na Yamai. Likitocin ba su da yawa idan aka kwatanta da jama'a, kusan duka a manyan birane suke, kuma horon kan ci shekara shida ko fiye bayan kammala karatun likita.